Musayar waƙa: Frank Robinson, mai sandar besbol

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum. Yau gwanin besbol na Amurka za mu waƙe, kowa ya kawo nasa.

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar Robinson nake rerawa,
Haihuwar Texas, Oakland ya tashi,
Cincinnati Reds can ya soma bugawa.

A 1956 yana ɗan sabo,
Kowa na kallo ana ta yabo,
Ƙwallo 38 ya haurar katanga,
Masu jifa sun ga rashin rabo.

Gimbiyar Damagaram:
Yaya, ka yi waƙa ba ka kai gaɓa ba,
Zancen musayarsa ba ka taɓo ba,
Mai Reds ya ce ya tsufa a talatin,
Ya miƙa wa Baltimore bai yi nazari ba.

A 1966 sanda ta ba shi amsa,
Ya haurar 49, babu mai kamo ƙafarsa,
Dodgers sun sha kashi sau huɗu a jere,
Kofin duniya ya shiga hannunsa.

Na-Gwale:
Ku dakata. Ƙwar huɗu kuke yi ko me? A ƙa'ida ɗango uku na farko su amsa juna, na huɗu ya riƙe babban amsa-amo har ƙarshen waƙa. Ku kuma na ukunku sai ya fita yawo. Gimbiya, "Ya miƙa wa Baltimore" ya yi tsawo, numfashi na ƙarewa kafin a kai.

Gimbiyar Damagaram:
Malam Na-Gwale mai awon gaɓoɓi,
Kullum gyara, ba ka kawo baiti,
In sunan gari ya fi ƙarfin karinka,
Je Amurka ka rage musu harafi.

Na-Gwale:
"Gaɓoɓi", "baiti", "harafi". Wasali kaɗai kika haɗa, 'yata. Ga yadda ake yi:

Jackie Robinson ga baƙaƙe ya buɗe ƙofa,
1947 ya sha zagi da tofa,
Ba dangi ba ne, suna ya haɗa su fa,
Frank ya biyo shi da jarumtaka.

Bazazzagi:
Allah ya ƙara basira, Malam! Wannan shi ne waƙa.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagi, "fa" ɗin da aka cusa don a cike amo ba ka gan ta ba? Gimbiya ta fi shi nama a baiti.

Uwar Biyu:
Kwana biyu ina karanta faɗanku, an bar babban abin da mutumin ya yi.

A 1975 Cleveland ta ba shi ragama,
Baƙar fata na farko da ya riƙe ta a sama,
Koci ne kuma ɗan wasa, ya ɗau sanda da kansa,
Bugun farko kan Yankees, ƙwallo ta haye jama'a.

Jackie ya roƙi ganin haka a 1972,
Ya rasu a shekarar, bai gani da ido ba,
Frank ya cika masa, ya riƙe Giants da Orioles,
Expos da Nationals ma bai ƙi su ba.

Ƙwallo 586 ya haurar katanga a tarihi, gwarzon shekara a manyan rukunai biyu, kuma shi ya fara yin haka. Ya rasu a 2019 yana da shekara 83.

Na-Gwale:
Hajiya, labarinki ya cika, ban ja ba. Amma "1972" da me za ta amsa? Ki rera shi da baki ki ji.

Gimbiyar Damagaram:
Malam, saura baitinka na biyu. Ka riƙe "ka" ɗin nan har baiti biyar, muna jira.