Aninan kakana sun yi kore, in goge su?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Na gaji aninai da kwabbai masu huji na zamanin Turawa a gwangwanin kakana, har da sulen 1959. Laimar daminar Kaduna ta sa wasu sun yi kore, abin yana damuna. In goge su da toka da lemun tsami?

Baban Kawo: Wa alaikumus salam. Kul, ɗana! Guga tana kankare fuskar kuɗi, darajarsa ta zube. Kamfanonin tantance ingancin tsofaffin kuɗi na Amurka, PCGS da NGC, suna ba da maki 1 zuwa 70, amma wanda aka goge ba ya samun maki.

Hajiyar Unguwar Rimi: Ka riƙa kama su ta gefe. Kowanne da 'yar ambulan ɗinsa, ban da leda mai laushi, ita ma tana jawo koren.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Baba, na gode Hajiya. Masu koren fa, in ware su daban?