Sauke hotunan albam ta layin umarni: yaya ta kaya muku?

Mai tarin waƙoƙi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Kusan rabin waƙoƙin da ke kwamfutata ba su da hoton bango, in na kunna sai wani fili fayau ya fito. Bin su ɗaya bayan ɗaya ta burauza ya gagare ni. Don Allah wanda ya taɓa yin aikin ta taminal, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai Linux:
Wa alaikumus salam. Ni SACAD nake amfani da shi, wata manhaja ce ta sauke hotunan albam. Ka rubuta sacad, sai sunan mawaƙi, sunan albam, girman hoto kamar fiksel 600, da sunan fayil ɗin da kake so. Zai leƙa shafukan waƙoƙi irin su Deezer da iTunes da sauransu ya zaɓo. In folda guda ce cike da albam, umarnin sacad_r zai bi ta gaba ɗaya. Amma fa shawarata, gyara bayanan da ke cikin fayilolin tukuna. Da su yake nema. Akwai albam ɗina da aka rubuta sunan mawaƙinsa iri biyu, wani kuma an bar gurbin albam babu komai, waɗannan ko dai a dawo hannu rabbana ko a kawo hoton wani aikin daban. Da na daidaita sunayen, komai ya zauna.

Wata 'yar'uwa:
Gaskiyarka Malam. Abin da ya sa na koma beets ke nan, manhajar tsara tarin waƙoƙi, don shi sai ya tantance albam da MusicBrainz, wato rumbun bayanan waƙoƙi na intanet, kafin ya je neman hoto. A cikin beets ɗin, fetchart ne ke sauko da hoton, embedart kuma ya cusa shi cikin fayil ɗin waƙar. Na sa minwidth, wato mafi ƙarancin faɗin hoto, don kada ya kawo mini ƙananan hotuna masu hazo. Shigar da tarin yana cin lokaci, yana ta tambayarka ko wannan ne bugun da kake nufi, amma yawanci hoton da ya fito shi ne na bugun da ke hannunka, ba na sake-bugu ba. Wannan ya fi mini komai.

Mai curl:
Ni ban girka komai ba. In kana da lambar albam ta MusicBrainz, Cover Art Archive, rumbun hotunan albam, zai ba ka hoton gaba da curl kawai, wato umarnin sauke abu daga intanet, a girman 250, 500 ko 1200. A dai bi a hankali, ƙa'idar MusicBrainz buƙata ɗaya ce a daƙiƙa, don haka na sa sleep, umarnin ɗan dakatawa, a tsakani.

Mai tarin waƙoƙi:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada, sun fito a kwamfuta, amma rediyon mota bai nuna su.

Wata 'yar'uwa:
Ya taɓa faruwa da ni, Yaya. Hoton ne ya yi masa girma. Rage shi zuwa 500, ka mayar da shi JPEG na gama-gari, ba irin progressive mai bayyana a hankali ba, sannan ka adana bayanan da ke cikin MP3 ɗin a tsarin ID3v2.3. Tsofaffin na'urori da yawa shi suka fi ganewa.