Lita ɗaya, kilomita nawa? Kowa ya kawo lissafin motarsa

Mai Corolla, Kano:
Assalamu alaikum. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, ban sake shiga gidan mai na ce "a cika" ba tare da gabana ya faɗi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk wanda ka tambaya yadda motarsa ke shan mai sai ya ce maka "na dubu goma yana yi min kwana uku". Dubu goman wace shekara? Litar da muka saya ƙasa da naira 200 ita ce ta haura dubu a 2024. Shi ya sa na ajiye ɗan littafi a mota. Ina cika tanki har famfo ya katse da kansa, in mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, in yi ta harkata. Ranar da na koma na cika, sai in raba tafiyar da litocin da suka shiga. Awon farko: lita 38, mita ta nuna 212. Wato lita ɗaya ba ta kai kilomita 6 ba, a Corolla 2006! Ko dai in sayar da ita in sayi babur? Don Allah kowa ya faɗi abin da ya auna da hannunsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Malamin lissafi, Zariya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin ka kira dillali, motar nan daga ina ta shigo? In 'yar Amurka ce, mitarta mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ka ninka 212 ɗin, za ka samu wajen 339, ka raba da 38, kusan kilomita 9 kenan a lita. A cikin Kano da esi a kunne, wannan ba abin kuka ba ne. Ni ma ta taɓa ci da ni, har na sa aka canja min fulogai huɗu lafiyayyu a banza.

Mai Corolla, Kano:
Wallahi Malam ka gama magana. Yanzu na leƙa, "mi" ne a rubuce a gefen lambar. Allah ya saka da alheri, amma 9 ɗin ma ina son ta ƙaru.

Ma'aikaciyar jinya, Jos:
Ni tawa matsalar ta gaske ce. Honda Accord 2005 gare ni, kuma tun da na saye ta allurar zafi ba ta taɓa kai tsakiya ba, kullum tana kwance a ƙasa. Har alfahari nake yi wai motata ba ta zafi. Da na fara rubutawa sai na ga kilomita 6 da ɗan kai nake samu, bayan gidana da wurin aiki ba nisa. Salansa kuwa baƙi ƙirin, in ka sa yatsa sai ka ce gindin tukunya.

Ƙanin maigidana ne ya buɗe bonet ya ce an cire mata tamosta, wato abin da ke daidaita zafin inji, an kuma haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli take tashi. Ya yi min bayani cewa an ƙera injin ne ya yi aiki a zafi wajen digiri 90. Muddin bai kai ba, kwamfutar motar tana ɗauka yanzu aka tashe ta, sai ta yi ta ƙara mai. To ku haɗa wannan da sanyin Jos a watan Disamba: har in isa asibiti injin bai farka ba. Na koma wurin bakaniken da na saba da shi, ya ce "Hajiya, wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan cirewa muke yi." Na ce masa ya mayar, kuɗina ne. Aka wanke lagireto, aka sa sabuwar tamosta, aka mayar da fanka yadda take. Cikawa uku a jere ina samun tsakanin 7.5 da 8. Har yau in ya gan ni sai ya tambaya ko ta tafasa. Ba ta tafasa ba.

Direban Golf, layin Kano zuwa Katsina:
Hajiya kin yi sa'a. Amma a faɗa wa mutane su tabbatar lagireto da fanka lafiya suke kafin su mayar, kar wani ya ƙone gasket a zafin Afrilu ya ce mu muka sa shi.

Ni abin da na gani a titi shi ne ƙafa. Hanyarmu wajen kilomita 170 ce. Da can ina take ta 130 don in juyo da wuri in kama wani lodin. Wata rana na ce bari in gwada, na tsaya a 95 zuwa 100. Na makara da kamar minti ashirin da biyar, fasinja ɗaya har yana ce min ko amarya na ɗauko, amma zuwa da dawowa na rage wajen lita 5. Iska ce ke cin man: in ka ninka gudu, turjiyarta ninkawa take yi sau huɗu. Ranar da na ɗaure buhuna a kan rufi kuwa, ko a 90 sai na ji a aljihuna.

Tsohon direban gwamnati, Kaduna:
Yaran zamani da lissafi. Mu da muka tuƙa 504 shekara da shekaru, dabararmu ɗaya: in ka zo gangara ka sa ta a firi, ta yi ta tafiya a kyauta. Wani lokaci ma kashewa muke yi.

Malamin lissafi, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, a zamanin kafireto maganarka tana kan hanya. Motocin yanzu masu nozul kuwa, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta yanke man take yi gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi dole ta ba shi mai don kar ya mutu. Batun kashewa kuma don Allah a bar shi, birki da sitiyari duk tauri suke yi.

Tsohon direban gwamnati, Kaduna:
To, na ji. Amma ni dai ban taɓa faɗawa rami ba.

Ɗan kasuwa, Maraɗi:
Mu nan akasin naku muke ƙirgawa: lita nawa a kilomita 100. Wanda ke samun 9 a wurinku, a wurinmu yana shan lita 11 kenan, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Shawarata ɗaya, kar a yi awo da man bumburutu. Na yi wata biyu ina rubuta abin da mai galan ya ce ya zuba min, lissafi ya ƙi zama, yau sama gobe ƙasa. Sai da na koma famfo ɗaya a gidan mai ɗaya sannan lambobin suka fara kama da juna.

Mai kai yara makaranta, Bauchi:
Famfon ma sai an duba, Yaya. Akwai wani gidan mai a unguwarmu, ba zan kira suna ba, duk ranar da na sha a can littafina sai ya nuna motar ta ƙara ci. Na je da jarka mai alamar lita 10, mita ta ce 10, mai bai kai layin ba. Ban yi faɗa da yaron ba, na dai canja wuri.

Sauran gyaran da na yi ba su ci min ko kwabo ba. Da ina tashin mota in bar ta minti goma sha biyar wai tana ɗumi, ni ina can ina neman takalmin auta. A ƙofar makaranta ma haka, rabin awa da esi a kunne, mita ba ta motsa ba amma mai na tafiya. Yanzu minti ɗaya na ja a hankali, a makaranta kuma in nemi inuwar darbejiya in kashe. Na kuma sauke buhun siminti biyu da suka kwana uku a but har suka zama wata uku.

Mai faci a bakin tasha, Gusau:
Tunda ba wanda ya ambace mu, bari in sa baki. Rabin motocin da ke tsayawa wurina tayarsu a ƙasa take, mai ita bai sani ba sai ta kwanta. Taya mai laushi jan injin take yi. Sauran rabin kuma su ce in buga musu iska har 50 wai don mai. A'a. Ku buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 33 za ku gani. Ku auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. In ta cika tauri tsakiyarta ce za ta cinye, birki ma ba zai kama yadda ya kamata ba.

Mai Corolla, Kano:
Na dawo da rahoto bayan sati uku. Tamostata tana nan, alhamdulillahi, na sa an duba. Tayoyin baya 22 na same su, an mayar 30. Filtar iska kuwa da aka buga ta a ƙasa, ƙurar hunturun bara ce ta tashi, na sayi sabuwa. Na daina fizga daga danja zuwa danja a titin Zoo. Cikawa ta farko 9.8, ta biyu 10.3, amma a ta biyun akwai zuwa Wudil, saboda haka ban yarda da ita sosai ba tukuna. Esi dai ban kashe ba, kuma ba zan kashe ba. Hajiya ta Jos, tamostar nan sabuwa kika saya ko ta gwanjo? Maƙwabcina ya leƙa tasa motar jiya, babu.