Ƙanena ya haɗa muryar bogi, layin kuma da NIN ɗina aka yi masa rajista

Mai tambaya (an sakaya suna): Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, barci ya gagare ni. Tun rasuwar mahaifinmu nake riƙe da ƙanena. Ni na biya masa kuɗin jarrabawa, ni na kai shi Poli, da ya gama babu aiki na zaunar da shi a shagona na gyaran waya a Ƙofar Ƙaura, cikin garin Katsina. Har mashin na saya masa, ya sayar, ban ce komai ba saboda Hajiyarmu kullum maganarta ɗaya ce: ka riƙe amanar babanku. Bara ya shiga 'yan data (masu tallata 'yan siyasa a soshiyal midiya) na wani ɗan siyasa. Yanzu ya ɗauki muryar wani tsohon kansila daga jawabin da ya yi a wani taro, ya zuba a manhajar AI, ta fito da shi kamar yana waya da 'yan bindiga yana tambayar kasonsa. Muryar ta zaga WhatsApp har ƙauyensu. Mutumin kawun matata ne, ita kuma ba ta san daga gidanmu abin ya fito ba. In yi shiru ko yaya?

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumussalam. Ɗana, shiru bai kama ka ba. A jihar nan a ce wa mutum infoma ai an ɗaura masa likkafani ne, kafin a bincika an gama da shi. Kuma ka sani, tun ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layi da NIN, in aka bi sawu sunanka ne zai fara fitowa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya yi magana kan saƙon ƙarya da zai jefa rai cikin haɗari: ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar da za ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Gobe da asuba ka ɗauki yaron da wani dattijo ku je wajen mutumin.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ya ishe ni ma guruf ɗin danginmu. Surukata duk abin da ta ji a waya ya zama aya. Na taɓa ce mata muryar wani malami haɗa ta aka yi, wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Allah ya kyauta.

Ɗan Rafin Daɗi: Kada ka je ko'ina! Ka kai kanka ka ce ga ni? Ka cire layin, yaro ya tafi Kano wajen 'yan uwa, kwana biyu wata maganar ta taso an manta.

Tsohon Hedimasta: Wa ya ce maka ana mantawa? A 2018 aka baza cewa Buhari ya mutu an kawo wani Jubril daga Sudan, sai da ya fito da bakinsa a Poland ya ce shi ne, kuma har yau akwai masu rantsuwa a kai. Lokacin babu ma wannan na'urar kwaikwayon murya a hannun yara. Shugaban ƙasa ke nan, balle kansila. Karya layi kuma ba ya goge rajista a wajen kamfani.

Mai tambaya: Baba na gode, amma ba ku san yaron ba, ba shi da mugun hali, sa shi aka yi. Layin kuma na ba shi ne saboda nasa an rufe. Ina zan bar ƙanena babu waya? In na kai shi Hajiya hawan jininta zai tashi.

Wata 'Yar UMYU (Jami'ar Umaru Musa Yar'adua): Yaya, wa ya sa shi? Nawa aka ba shi? Ba ka faɗa ba. Mai gidan nasa yana can yana shirin zaɓen 2027, in ta ɓaci cewa zai yi bai taɓa ganinsa ba. Aƙalla yaron ya yi bidiyo da fuskarsa ya nuna muryar asali da ta bogi.

Ɗan Rafin Daɗi: Bidiyo? Shaida ke nan ya miƙa wa 'yan sanda da hannunsa. Ni dai lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 a 2021 kasuwata ce ta mutu, kuɗina suka maƙale a Jibiya, babu wanda ya ce mini sannu. Kowa ta kansa yake yi.

Tsohon Hedimasta: Ana maganar ran mutum kana maganar kasuwa. Ɗana, ka fara da matarka yau, kada ta ji a bakin wani.

Mai tambaya: Ba za ku gane ba, tana da tsohon ciki. Kuma ni ban haɗa komai ba, me ya sa ni zan je ba da haƙuri? Akwai wanda ya san yadda ake cire layi daga kan NIN?

Maman 'Yan Biyu: Wai ita ce muryar nan da ake cewa "a ajiye mini nawa"? Yanzu surukata ta turo mini ita.