Farin fentin mai ya koma rawaya: laifin garin launin ne ko na man?

Mai Koyon Zane:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka riga ni daɗewa a aikin fentin mai. Bara na zana hoton wata farar riga rataye a bakin taga, da ya bushe sai na jingine shi bayan kabad, fuskarsa tana kallon bango. Da na ɗauko shi makon jiya na tarar farin ya dushe, wuraren da na lafta fenti da kauri kuwa har sun ɗauki launin rawaya sosai. Farin titaniyam na yi amfani da shi. Shin hoton ya lalace ke nan? Kuma wane fari ya kamata in riƙa saya?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, hoton bai lalace ba. Garin titaniyam da kansa ba ya canza launi, man da aka kwaɓa shi da shi ne yake rawaya, musamman idan man linsid ne (wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro mai suna flax a Turance), wanda ya fi sauran mayuka saurin yin hakan, ko da yake shi ne ya fi su ƙarfi bayan ya bushe. Duhu kuma yana ƙara tsananta abin. Ki fito da hoton ki rataye shi a ɗaki mai haske, ba a ƙarƙashin rana kai tsaye ba, cikin 'yan makonni za ki ga yawancin rawayar ta janye. Sai dai akwai wadda tsufa ke kawowa sannu a hankali, ita kam ba ta fita gaba ɗaya.

Ki duba jikin bututun fentin, akwai lambar da ke nuna irin garin launin da ke ciki. PW6 titaniyam ne, PW4 tutiya, PW1 kuma dalma, sannan galibi ana rubuta irin man da ke ciki. Farin da aka kwaɓa da man saflawa ko man fofi (mayukan da ake tatsa daga 'ya'yan wasu tsirrai masu fure) ya fi jimawa da haskensa, amma yana jinkirin bushewa kuma bai kai linsid ƙarfi ba, shi ya sa nake ajiye shi don shafin ƙarshe kawai.

Mai Gyaran Hotuna:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ina da jan hankali game da tutiya, domin duk wanda ya gwada fararen nan gefe da gefe zai ga ita ce ta fi tsayawa fes, sai ya ɗauka ya sami mafita. Matsalarta ba a launi take ba. Bayan shekaru fentinta yana yin tauri kamar ɓawon ƙwai, ya tsattsage, wani lokaci ma ya ɓamɓare daga shafin da ke ƙarƙashinsa, kuma gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a cibiyar Smithsonian ta Amurka sun nuna hakan ƙarara. Abin takaici shi ne kamfanoni da dama suna zuba tutiya a cikin farin titaniyam don ya ƙara haske, saboda haka idan kin ga PW6 da PW4 tare, kada ki yi shimfiɗar farko da shi a kan ƙyalle.

Ni a ganina farin dalma ya fi duka, shi ne wanda masu zanen Turai suka dogara da shi ɗaruruwan shekaru kafin titaniyam ya shigo kasuwa a wajajen 1920. Tun daga bututu yana da ɗan ɗumi a launinsa, yana bushewa da wuri, kuma yana lanƙwasa tare da ƙyalle ba tare da ya fashe ba. Guba ne dai, don haka ba a goge shi da samfefa a shaƙi ƙurarsa, ba a kuma cin abinci kafin a wanke hannu.

Mai Koyon Zane:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba bututun, PW6 ne kaɗai a cikin man linsid. Na rataye hoton kusa da taga, na kuma rufe wani ɓangare na rigar da ɗan kwali domin in gane bambancin idan wata ya cika.