Me za mu gina don tunawa da yaran unguwarmu da suka rasu a soja?

Ɗan Garin Malam

Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Tun da Boko Haram suka fara kai hari Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, unguwarmu ta rasa samari a soja, ɗaya ma ɗan fadarmu ne, shi ke dafa mana shayi kafin a ɗauke shi aiki. Mun ce sai mun yi wani abu da sunansu. Muna karo-karo, dala ɗari ɗari duk Juma'a, kuɗin na hannun wani mai shago. To kan ƴan fada ya rabu: wasu na son ginshiƙin siminti a bakin titi da sunaye, wasu sun ce wannan aikin Nasara ne. Mai unguwa ya ce mu daidaita tukuna. A wasu wurare yaya ake yi, kuma wa ke biya?

Malamin Lakkwal

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙansu. A Faransa, bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, kusan kowane ƙauye ya gina nasa ginshiƙin tunawa da sojojinsa, kuma yawancin kuɗin daga aljihun mutanen gari suka fito. Kwamiti ake kafawa, a bi gida gida, gwamnati ta ɗora ɗan tallafi bisa dokar 25 ga Oktoba 1919. Abin da ya burge ni, a wurare da yawa sunayen bin haruffa suke yi, ba a raba hafsa da ƙaramin soja.

Ni dai ko me za ku gina, ku rubuta sunaye. Dubi nan Damagaram. An kashe Kyaftin Kazmaju a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka sa wa barikinsu sunansa, har yau yara na karanta shi a aji. Shekara na zagayowa, ƙarshen Yulin 1899, aka yi yaƙin Tirmini da Faransawa, mutanenmu suka zuba a gaban bindigogi. Ina tambayar ɗalibaina su kawo mini sunan mutum biyar cikin waɗanda suka faɗi ranar, sai aji ya yi tsit. Ba laifinsu ba ne.

Hajiya ta Zango

Ɗana, kun tambayi iyayensu mata kuwa? Ku fara da nan. Ni da za a tambaye ni, ruwa zan ce. Ka san yadda bazara take a garin nan, ruwan Gogo da Arunguza ba ya isarmu, bido jere tun asuba, mai garuwa kuma yana ja maka rai kafin ya sauke. Ginshiƙi awaki ne za su kwanta a gindinsa. Famfo kuwa duk wadda ta cika bokiti sai ta ce Allah ya kai rahama kabarinsu, kuma ba malamin da zai hana sadaka mai gudana. Sunayen da Malam ke magana, a rubuta su a bangon famfon mana.

Tsohon Soja

Hajiya ta yi gaskiya, amma yaro ka ji. Kada ku yi saurin cewa foraj, wato rijiyar burtsatse, ƙasan garin nan dutse ne, sai ku zuba kuɗi a haƙa ba ɗigo. Ku tambayi kuɗin jawo famfo daga babban bututu, da wanda zai riƙa biyan na wata, don nan ne ake watsewa. Wuri kuma sai da takardar magajin gari, ko da mai unguwa ya yarda.

Kuɗi su bar hannun mutum ɗaya. Littafi, mutum uku masu sa hannu, a karanta lissafi a fada duk ƙarshen wata. Ku aika wa ƴan unguwa da ke Kano da Agadas, su ma su sa nasu.

Sannan ku yanke tun yanzu wa zai shiga. Soja kaɗai, ko har jandarma da gardi? Wanda ciwo ya kashe a bakin aiki fa? Kowane gida ku je da kanku, ku karɓi sunan yadda suke so a rubuta, in sun ce ba sa so ku bar nasu.

Ɗan Garin Malam

Na gode Baba, na gode Hajiya da Malam. Juma'a bayan la'asar za mu fara zuwa gidajen. Akwai wanda ya san mai rubutu a siminti da zai iya yi da boko da ajami duka?