Wai tudun yashin ya mutu, ya zama filin 'yan koyo?

Ɗan Asuba: Salam jama'a. Ku bar ni in fitar da abin da ke ci na a rai tun safe. Jiya da daddare manhajar hasashen yanayin teku ta nuna igiyar ruwa mita 1.8, iska kuma daga tudu zuwa teku. Tun dare na ɗaure allona na wasan hawan igiyar ruwa a kan mota, ƙarfe biyar na bar cikin birni. Ina isa bakin ruwa me zan gani? Igiya ta taso ta miƙe tun daga duwatsun tashar jiragen ruwa har inda ido ya ƙare, sai ta kife lokaci ɗaya kamar katangar da damina ta ci. Ba ta ba da hanyar bi ta dama ba, ba ta ba da ta hagu ba. Awa biyu ina cikin ruwa, sau uku kacal na miƙe tsaye, kowanne kafin in daidaita ƙafa ta rufe ni, na fito kunnuwana cike da yashi. Ni dai na faɗa, tun da jirgin yashe ya zo ya kwashe yashin bakin tashar nan, tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa a gaban hasumiyar masu ceto, wanda igiya ke karyewa a kansa, ya baje. Wurin nan ya mutu. Yanzu filin 'yan koyo ne kawai. Wanda ya ga ba haka ba ya fito ya faɗa.

Auta: Yaya, da girmanka, su wa kake kira 'yan koyo? Wata bakwai kenan ina zuwa wurin nan, yau da safe ma tare muke cikin ruwa.

Malama: Abin da nake faɗa kullum kenan. Mutum ya fita bai sami abin da yake so ba, sai ya dawo ya sauke fushinsa a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Yaran da nake koya wa ne suka kwashe yashin? Kai a ina ka koya? Ba a cikin kumfar wurin nan na gan ka kana kifewa kana tashi ba? Da koyo akan iya, ɗan'uwa, kuma kalmar nan ta yi mini ciwo.

Ɗan Asuba: Malama ba da ke nake ba. Maganar yashi nake yi.

Malama: Ka rubuta 'yan koyo ko ba ka rubuta ba?

Dogo: Malama ki yi haƙuri, amma gaskiya ya faɗa. Igiyar da ke karyewa a kan yashi ba ta da alƙawari. Yau tana nan, gobe ta matsa mita hamsin, jibi babu ita. Wadda ke karyewa a kan dutse kuwa, inda ka bar ta bara nan za ka same ta bana. Shi ya sa duk wanda ƙafarsa ta yi ƙwari yake barin yashi ya nufi duwatsu. Yashi makaranta ne, mai gama makaranta kuma fita yake yi.

Malama: To Dogo, Kelly Slater fa? A Cocoa Beach ta jihar Fulorida ya tashi, yashi ne zalla, igiyoyin ma ƙanana, kuma sau 11 yana cin kambun duniya. Sannan da aka fara saka wasan nan a gasar Olamfik, wadda aka yi a Japan a 2021, a bakin ruwan Tsurigasaki aka yi shi, a kan yashi. Italo Ferreira da Carissa Moore da suka ɗauki zinare a can, su ma 'yan koyo ne?

Dogo: A 2024 fa? Gasar ta Faris ce, amma da aka tashi neman igiya sai aka tsallake dukan bakin tekun Faransa aka tafi Teahupo'o a Tahiti, fiye da kilomita 15,000, saboda igiyar da ke karyewa a kan murjani. Ki ba ni amsar wannan.

Baba Mai Dogon Allo: Yaro, wannan Faransar da ka ce an tsallake, a cikinta Hossegor take, kuma yashi ne. Supertubos da ke Peniche a Fotugal yashi ne, ana kai gasar duniya can. Zicatela ta Puerto Escondido a Meziko yashi ne, allunan da ta karya ba su ƙirguwa. Kuna ɗauka yashi katifa ne don kun saba tafiya a kan busasshe. Wanda ruwa ya danne daɓe ne. Shekara ta kai goma da igiya ta naɗe ni kamar tabarma ta buga ni da ƙasa a ruwan da bai kai ƙugu ba, har yau kafaɗar nan ba ta ɗaguwa sama da kunne idan sanyi ya shigo.

Auta: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Ga Nazare ta Fotugal ma. Igiyar da Sebastian Steudtner ya hau a watan Oktoba na 2020, mita 26.21, wadda ta shiga kundin Guinness, a gaban rairayi ta karye.

Dogo: Nazare ba ta cikin lissafi. Akwai wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin teku da ya zo har kusa da gaɓa, zurfinsa a wani wurin kusan mita 5,000, shi ke tattaro ƙarfin ruwan. Ba aikin yashi ba ne.

Auta: Amma a kan me take karyewa, Yaya Dogo? Dutse ko yashi?

Dogo: Kai da ba ka wuce layin kumfa ba kake kawo mini Nazare.

Injiniya: Jama'a ku dakata. Ɗan Asuba, tazarar da ke tsakanin igiya da igiya daƙiƙa nawa manhajar ta nuna? Kuma ruwa yana cika ne ko yana janyewa lokacin da ka shiga?

Ɗan Asuba: Daƙiƙa 14. Shi ya sa ma na kasa barci don murna. Ruwa kuma ya janye ƙarshen janyewa, har turakun tsohuwar gadar nan sun fito fili. Amma ku lura, saƙo nawa aka turo yanzu, babu wanda ya taɓa maganar jirgin yashe. Ba ni na fara ganin irin wannan ba. A Mundaka ta ƙasar Sifaniya, bayan an yashe bakin kogin, igiyar ta ɓace har aka soke zangon gasar duniya da za a yi a can a 2005. A Ostareliya kuma tura yashi daga bakin kogin Tweed ya gina dogon tudun yashin da ake kira Superbank, ya kuma binne wurin hawan igiya na Kirra. Idan an taɓa yashi an taɓa igiya.

Injiniya: Misalan nan gaskiya ne, ban musa ba, ko da yake ta Mundaka ta dawo daga baya. Amma abin da ka gani yau yana iya faruwa ko da babu jirgi ko ɗaya. Igiya mai tazarar daƙiƙa 14 tsawonta a cikin zurfin teku ya kai mita 300, mai daƙiƙa 8 kuwa kamar mita 100 ne. Igiya tana fara jin ƙasa ne idan zurfin ruwa ya kai rabin tsawonta. Wato taka ta yau tun daga can nesa take lanƙwasawa tana daidaita kanta da gaɓa, kafin ta iso ta zama layi ɗaya miƙaƙƙe. Tana karyewa ne idan tsayinta ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na zurfin ruwan da ke ƙarƙashinta. To idan tudun yashin shimfiɗaɗɗe ne, zurfin ɗaya ne ko'ina, dole ta faɗi gaba ɗaya. Ka ƙara da cewa wata ya cika, janyewar ruwa ta fi ta kullum, ka shiga a lokacin da ruwan ya fi ƙaranci a kan tudun. Shimfiɗewar tudun kuma, babbar guguwa kan ja yashi ciki ta jera shi doguwar kunya ɗaya, sai an yi makonni ana ƙananan igiyoyi kafin ya dawo ya tsattsage, hanyoyin ruwa su buɗe. Kun manta irin ruwan da aka yi makonni uku da suka wuce?

Dogo: Ni fa mita 1.8 ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Na wuce wurin ƙarfe bakwai, abin da na gani bai kai mita ɗaya ba.

Ɗan Asuba: Ta fi kaina tsawo, wallahi.

Dogo: Daga gaba kake aunawa. Mu daga baya muke aunawa, kamar yadda mutanen Hawai suke yi.

Malama: Wa ke hawan bayan igiya? Gabanta ake hawa, shi ne ke faɗo wa mutum a ka. Wannan aune-aunen naku na rage tsawo shi ke sa yara su shiga ruwan da ya fi ƙarfinsu, don an ce musu ƙarami ne.

Injiniya: Lambar manhaja ba gaba ba ce ba baya ba. Matsakaicin tsayin kashi ɗaya cikin uku mafi girma na igiyoyin da ke can cikin teku ne, tun kafin su zo gaɓa.

Dogo: Tunda an zo maganar yara, bari in faɗi tawa. Ranar Asabar ina kusa da inda igiya ta fara karyewa, na riga na miƙe, sai ga mutum ya faɗo mini daga kafaɗarta bai ko waiga ba. Hancin allona ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa, ruwa ya shiga, yanzu yana jingine yana bushewa. Ƙa'ida ɗaya ce duk duniya, na kusa da wurin karyewa shi ke da igiya. Wanda ya yi ya san kansa.

Auta: Ni ne, kuma na ba ka haƙuri a cikin ruwa, na sake ba ka a bakin mota. Amma ka faɗi duka. Ni na daɗe a wurin ina jira, kai ka zagayo ta bayana ka shige ciki sau uku a jere. Laifi tudu ne, Yaya.

Dogo: Haƙuri ba ya liƙe allo.

Malama: Kuma kai da ka ce ka bar yashi ka koma duwatsu, me ya kawo ka filin 'yan koyo ranar Asabar?

Dogo: Iska ta lalata can. Ba haramun ba ne in zo.

Baba Mai Dogon Allo: Ku saurare ni, wannan ta fi allo muhimmanci. Yau bayan Ɗan Asuba ya fita na tsaya a kan tudu ina kallo. Kudu da hasumiya akwai wani zirin ruwa mai duhu, lumui, igiya ba ta karyewa a cikinsa, kumfa da tarkace suna bin sa suna tafiya cikin teku. Wani saurayi ya ga wurin shiru ya shiga da allon soso, cikin minti ɗaya ya yi nisa, ya juyo yana ta fafutukar komowa kai tsaye, hannuwansa suka mutu. Sai da na yi ta nuna masa da hannu ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa, kumfa ta turo shi waje. Ya zauna a kan yashi yana haki, leɓensa ya yi fari. Malama ki gaya wa yaranki, inda ruwa ya yi shiru a tsakanin igiyoyi nan ne yake ja, kada a yi kokawa da shi, kuma kada a saki allo. Ɗan Asuba, inda akwai wannan hanyar ruwa akwai tudu a gefenta. Wurin da ya mutu ba ya ja.

Ɗan Asuba: Baba, wancan kudu da hasumiya ne. Ni gaban hasumiya nake magana, inda muka shekara huɗu muna samun doguwar igiya mai tafiya dama.

Auta: Har yanzu dai ba ka janye kalmar ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, saƙonni sun yi yawa, bari in taƙaita mu rufe. Abin da ya fito fili shi ne wurinmu lafiyarsa lau, Injiniya ya tabbatar da cewa kuskuren lokaci ne kawai, mutum ya shiga a janyewar ruwa. Maganar jirgin yashe babu hujja, an bar ta. An kuma amince cewa igiyar yashi ita ce uwa, tunda Malama da Baba sun kawo misalan da ba a iya amsawa ba. Kalmar 'yan koyo ba ta dace ba, muna sa ran mai ita zai nemi afuwa. Batun ranar Asabar kuwa, ƙanena Auta ya riga ya ba da haƙuri har sau biyu, ya yi abin da ya kamata, don haka ya wuce.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ban ce kuskuren lokaci ne kawai ba. Na ce tudun ya shimfiɗe, kuma guguwa na iya yin haka. Ban wanke jirgin ba.

Dogo: Wa ya amince? Ni ban amince ba. Kuma allona bai wuce ba, yana nan a tsage.

Ɗan Asuba: Malama, ke da yaranki ku yafe ni, ba ku na nufa ba. Amma maganar yashi ban janye ko harafi ɗaya ba. Ina da hoton gaban hasumiya na bara da ruwa ya janye, gobe zan je in ɗauki wani daga kan dutse ɗaya in turo su tare.

Injiniya: Ka je bayan ƙarfe bakwai, don kullum lokacin yana matsawa da kamar minti 50. Idan kuma hawa kake so, ka jira mako guda, cikar ruwa za ta faɗo da sassafe kafin iskar teku ta taso. Ka ɗauki hoton kudu da hasumiya ma, ina so in ga inda hanyar ruwan Baba ta tsaya.